Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan shan ayodin da fitowar ido

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi. An ce ki sha ayodin mai radiyeshon saboda maƙoƙonki (tayirod) da ke aiki fiye da kima, alhali idanunki sun fara kumbura, kina tsoron kada su ƙara fitowa. Halin da na shiga ke nan, sai dai ni ban samu wanda ya ankarar da ni ba.

Shekara biyu ina kan kabimazol, maganin rage aikin maƙoƙo, ina dainawa ciwon ya dawo, aka ba ni ƙwayar ayodin ɗaya tal na haɗiye. Likitan ko ɗaga kai bai yi ya dubi idona ba, ga shi na faɗa masa suna yi mini kamar an zuba yashi. Bayan wata uku na tashi alwalar asuba, buta ɗaya na gan ta biyu. In na kwanta fatar ido ba ta rufuwa duka. Uwar mijina ta ce harararta nake yi, har ta kai ƙarata. Autana kuwa ya gan ni ya ɓuya bayan yayarsa. Ranar na yi kuka, har yau abin bai bar raina ba.

Likitar ido ce ta warware mini. Ayodin ɗin maƙoƙon yake ƙonawa, bai taɓa tushen ciwon ba, wato garkuwar jiki. Idan ƙwayoyin maƙoƙon suka farfashe, abin cikinsu ya watsu a jini, sai garkuwar ta ƙara harzuƙa. TRAb ɗin nan da muke aunawa a jini, wato sinadarin garkuwar da ke tunzura maƙoƙon, yakan hau na wasu watanni kafin ya sauko, kuma naman bayan ido na cikin abin da yake kai wa farmaki. Ba kowa ba ne, amma mai ciwon ido tun farko da mai shan sigari sun fi haɗari.

Don Allah ki ga likitan ido tukuna. Ki tambaya ko za a haɗa miki da firednisolon, maganin kwantar da kumburi da ake bayarwa don kare ido. Kada ki saya da kanki a kemis. Kuma ki riƙa awon jini a kan kari, don aikin maƙoƙon kan koma ƙasa bayan ayodin, jinkirin fara tairoksin, maganin cike wannan giɓin, ma yana ƙara ɓata idon.

Af, kina shayarwa? In haka ne ba a sha. Ciki ma sai bayan wata 6. Ki nemi mai riƙe miki yara na kwanakin farko saboda radiyeshon da ke jikinki, ni ƙanwata na kira daga ƙauye. Allah ya ba mu lafiya.