Amsar Baffa a kan sulen azurfa na kakanni

Uwata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin tambaye ni dalilin da ya sa tsofaffin gidanmu suke ba amarya sulen azurfa ta adana, ko a kai wa maƙeri ya yi mata zobe, da kuma abin da ya sa in an miƙa musu kuɗin ƙarfe sai sun jefa shi kan dutse sun saurari ƙararsa. Son azurfa daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa, amma a ganina yaƙi ne ya sa suka kafe a kai.

A 1913 Turawan Ingila suka fito da kuɗin azurfa na Afirka ta Yamma: taro, sisi, sule da fataka. Azurfa ce ta gaske, in kin buga ta sai ta yi ƙara siririya mai ja. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi azurfa ta yi tsada, sulalla suka ƙaranta a kasuwa, wanda ya samu kuma ya binne a tukunya. Sai hukuma ta cike gurbi da takarda, har da takardar sule guda a 1918. Manomin gyaɗa ya ce ina! Abin da gara za ta ci, ruwa ya lalata? Wanda ya karɓa dole, in ya je canji sai an rage masa wani abu. A 1920 aka kawo sababbin sulalla na gaurayen tagulla, masu ɗan ruwan ɗorawa. Suna ɗaya, hoton sarki ɗaya, amma azurfar babu. Daga nan duk mai tsohon sule ya ƙi sakinsa, kuma kunne ya zama alƙali.

Mu ma namu da sauƙi. A Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, wadda Jamusawa ke mulka a lokacin wannan yaƙin, jiragen ruwan Ingila sun tsare teku, kuɗi ya daina isowa Jamusawa daga gida, ga sojoji da 'yan dako suna jiran albashi. A 1916 suka mayar da ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa ta garin Tabora gidan buga kuɗi. Suka tattara kwanson harsasai da tarkacen tagulla suka narke, suka buga ƙananan kuɗi, rubutun ma wani a karkace. Babban kuɗinsu, na rupi 15, da zinariyar mahaƙar Sekenke suka yi shi, da hoton giwa ta ɗaga hanci. Guda 16,000 da 'yan kai suka samu bugawa kafin sojojin Beljiyam su karɓe garin a watan Satumba. Mulkin Jamus ya faɗi, takardun kuɗinsa suka zama shara, amma wannan giwa har yau masu tara tsofaffin kuɗi na rububinta. Kada ki ɗauka labarin ya yi mana nisa, domin a ƙarshen shekarar an kai sojojin Nijeriya wannan fagen, kuma Hausawa na da yawa a cikinsu.

Wanda na gani da idona shi ne na yaƙin basasa. A Janairun 1968 gwamnatin Gowon ta canza takardun kuɗi don tsofaffin da ke hannun Biyafara su tashi a banza. Su kuma suka buga nasu takardun, a 1969 suka ƙara da kwabbai na sanholo masu hoton itacen manja da fitowar rana. In kin ɗora ɗaya a tafin hannu kamar ba ki riƙe komai ba. Da yaƙi ya ƙare a 1970, mutum ya kai tulin kuɗin Biyafara banki, abin da aka ba shi fam 20 ne kacal, komai yawan abin da ya kai. Wannan kam bai yi mini daɗi ba ko a lokacin, don talakan da ya sayar da doyarsa ba shi ya buga kuɗin ba.

Ki gaishe mini da mahaifinki, ki ce masa ina nan tafe bayan sallah in Allah ya yarda.