Tambayi Maharbi: harsashi mai nauyi shi ne maganin nesa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Baba, barka da aiki. Ni dai na gaji karabin .30-06 wajen mahaifina Allah shi jiƙanshi, da takardunta komi daidai an maida su da sunana. To ina yawan kallon bidiyon maharban Amurka a YouTube, sai in ga mutun ya harbi nama a mita 500 ko 600, kuma kullum maganarsu harsashi mai nauyi, wasu ma su ke ɗura abinsu da kansu a gida. Baba mi ya kamata in saya, mai giren 150 ko 180 ko in tahi ga 220 gaba ɗaya tunda shi ya hi nauyi? Kuma ɗurin gida ɗin nan zai yiwu garemu nan? Nagode. — Wani ɗanka daga unguwar Bagalam, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan tsoho ya sa ya huta. Karabin ɗin da ya bar maka ba ƙaramar bindiga ba ce, tun 1906 sojan Amurka suka fito da wannan harsashi kuma har yau maharba ba su sake shi ba. In taƙaice maka, 180 za ka saya, ko 165 in ka samu, 220 kam ka bar shi a kanti. Amma tsaya ka ji dalili don kar gobe wani ya juya ka da baki.

Giren ɗin da ka ke gani a jikin kwali awo ne na Turawan Ingilishi, giram ɗaya ya kai giren 15 da ɗan wani abu, wato 150 kusan giram 9,7 ne, 180 kusan 11,7, shi kuma 220 ya ɗan wuce giram 14. A bakin bindiga mai sauƙin ya fi gudu, 150 na fita da wajen mita 890 a daƙiƙa, 180 wajen 820, 220 kuwa da ƙyar ya ke wuce 730. To mi ya sa masu harbin nesa ke son mai nauyi alhali shi ne mai nawa? Saboda faɗin bututu ɗaya ne, in an ƙara nauyi tsawo ne ke ƙaruwa, kuma doguwar ƙwaya mai tsini ta fi ratsa iska, ba ta saurin gajiya, iskar gefe ma ba ta ture ta kamar gajera. Mai sauƙin zai tsere da farko amma can gaba ƙarfinshi ya zube. Sai dai fa nauyi kaɗai ba ya yin wannan aikin sai da siffa, kuma nan ne 220 ke faɗuwa, yawancin na kasuwa kansu a mulmule ya ke, an yi su ne don babban nama a kurkusa cikin duhuwa, irin wanda ake so ƙwaya ta karya ƙashi ta wuce. A fili mai nisa 180 mai tsini da matsattsen gindi zai bar shi a baya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba, murɗin cikin bututu. Ka cire makulli, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu, ka leƙa ta gindi wajen haske za ka ga zane a murɗe, shi ke sa ƙwaya juyawa, kamar dai katantanwar da yara ke murzawa, muddin tana juyi da sauri a tsaye ta ke, juyi na raguwa sai tangaɗi. Doguwar ƙwaya tana son murɗi mai sauri. Yawancin .30-06 zagaye ɗaya ne a inci 10, wato santimita 25 da ɗan kai, wannan ya ishi 180 har da 200, amma irin dogayen nan na gasa da suka wuce haka sai an duba, in murɗin bai kai ba za ka ga ramin da ya huda a kwali ya yi tsawo maimakon zagaye, alamar ƙwaya a karkace ta iso kenan.

Sannan ƙwayar farauta dole ta buɗe in ta shiga nama, kuma buɗewar na son gudu. Yawancinsu in gudun ya sauka ƙasa da wajen mita 550 a daƙiƙa sai su ratsa kawai su bar ɗan rami, dabba ta tafi da ciwo ta je ta mutu inda ba ka sani ba, ga asara ga haƙƙi. Masu jan ƙarfe zalla irin na kamfanin Barnes ma sun fi son gudu. Shi harsashin da a ke kira Nosler Partition tun 1948 a ke yin shi, gabanshi ya buɗe gindinshi ya tsaya da nauyinshi saboda katangar da ke tsakiya, ni kam ina ganin girmanshi duk da ba shi ne gwanin nesa ba. Na gasa kuma irin su MatchKing, kamfanin Sierra da ke yin su da kanshi ya ce ba don farauta ya yi su ba, kar kyan lambobinsu ya ruɗe ka.

Yanzu mu dawo dajinmu. Mutanen da ka ke kallo barewarsu ta kan dutse wata ta wuce kilo 300, mu kuwa mi mu ke da shi, gada da barewa ƴar kilo 20 ko 25, in ka yi sa'a gyado. Ko 150 ya ishe su balle 180, 220 kuwa kafaɗarka ce kawai za ta sha naushi har ka fara rufe ido kafin ka ja kunama, wlh wannan ɗabi'a in ta shiga mutun fitarta aiki ne. Kuma ka lissafa, in ka saita bindiga a mita 200, kafin 400 ƙwaya ta faɗi fiye da rabin mita, iska mai gudun kilomita 16 a awa za ta ture ta santimita 30 zuwa 40, ga tafiyar na cin fiye da rabin daƙiƙa, dabba taku ɗaya za ta yi ka samu ciki maimakon ƙirji. Wurin da ka ke nema a jikin barewa bai fi tafin hannu ba. Ka haɗa da iskar hunturu da ƙura, ko kawalwalniyar rana a watan huɗu. Ni shawarata ka tsaya 200, in ka gwada a kwali ka ga kullum kana zuba su cikin tafin hannu sai ka ƙara zuwa 250. Su masu bidiyo wanda suka kuskure ba sa sa shi a intanet.

Ɗurin gida kuwa a'a, ban ba ka shawara ba. Su can suna da injin matsewa da sikeli mai auna ƙasa da giren ɗaya da littafin awo na kamfani, ga albarushi iri iri kowane da lambarshi a gwangwani. Ƙwaya mai nauyi da irin awon albarushin mai sauƙi matsi ne zai haura, kuma iyakar matsin da CIP, hukumar gwajin bindigogi da harsasai ta Turai, ta sa wa .30-06 bar 4050 ce (bar awon matsi ne), wannan wuta a gaban fuskarka ta ke tashi. Zafi ma na ƙara matsi, ɗurin da ya yi lafiya a sanyin Turai in ya yini cikin mota a Maradi da zafi sama da digiri 40 wani abu ne daban. Albarushin da ba ka san sunanshi ba kar ya shiga kwansonka, haka masu adaka kar wanda ya kwance harsashin zamani ya juye garinshi a ciki, bututun ba zai ɗauka ba fashewa zai yi. Ga kuma halin da mu ke ciki, da matsalar ƴan bindiga wajajen Madarunfa da Gidan Rumji, mutun a same shi da kayan ɗura harsashi a ɗaki, kafin ya gama yi wa jandarma bayani ya sha wuya. Ka sayi na kamfani ta hanyar da takardarka ta ba ka, in bindigar ta karɓi iri ɗaya ka riƙe shi kar ka riƙa canzawa.

Takardar bindiga kuma daban, ta farauta daban. Dokar 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ita ke tsara farauta a Nijar, ka je wajen ma'aikatan gandun daji su gaya maka lokacin buɗewa da dabbobin da aka hana. Gadabeji can ƙasar Bermo, arewa da Dakoro, gandu ne tun 1955, a 2018 ma aka kai raƙuman dawa daga Kure, ko da wasa kar ka shiga da bindiga. Kuma kafin komi ka kai karabin ɗin wanda ya san aikinta ya duba cikin bututu, bindigar gado da ta daɗe a jingine wani lokaci tsatsa ta cinye murɗin, ko zanzaro ya yi ɗaki a ciki.