Amsoshin tambayoyinku: ranar da gaba da bayanta ɗaya ne

Wata baiwar Allah ta aiko tana tambaya, wai Malam me ake kiran kwanan wata irin 22/02/2022 da Hausa, wanda ko ta hagu ka faro ko ta dama lambobin ba sa canjawa?

To Malama, Turawa suna ce masa palindrome, su ma daga Girkanci suka aro, palin wato sake, dromos wato gudu, kenan a sake gudu a koma inda aka fito. Ni dai "mai gaba da baya ɗaya" nake cewa, don ko yaro ya ji zai gane. Kuma ai muna da irinsa a kalmominmu, duba uku, iri, ana, aka, nan, juya su ki gani. Kin lura yawancinsu da wasali suka fara? Dalili kuwa galibin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, to dole farkon ya bi ƙarshen.

A tsarin rana, wata, shekara, wannan ƙarnin yana da irin ranakun nan guda 29 kuma duk a Fabrairu suke, saboda kowace shekara da 20 take farawa, in aka juya ta koma 02, wata na biyu kenan. Ta farko 10/02/2001, ta ƙarshe 29/02/2092, mai zuwa kuma 03/02/2030. Amurkawa da suke fara rubuta wata kafin rana lissafinsu daban ne, shi ya sa aka yi ta zumuɗin 02/02/2020, ita ta kowane tsari ta yi daidai, rabon da a ga irinta tun 11/11/1111, sai kuma 12/12/2121.

Wani kuma ya ce ko za a iya yi mata karin maganar nan "gaba kura baya sayaki". A'a ɗan'uwa, ba muhallinta ba ne. Sayaki dangin kura ne, ana faɗin haka in mutum ya shiga tsaka mai wuya, ya yi gaba halaka ya koma baya halaka. In daidaito kake nufi, "duk kanwar ja ce" ta fi kusa.

Masu cewa rana ce ta sa'a kuma don Allah a bari, ranar da kalandar Miladiyya ta ba ka lambobin nan in ka duba ta Hijira wasu lambobi za ka gani daban.