Amsa kan tankin kwamfuresa da ya tsage

Salamu alaikum 'yan gurup, ina kwananku. To ƙanena mai faci da ya turo hoton tankin kwamfuresa daga bakin babbar kasuwa, kana tambaya mi ya sa ya tsage ta tsawo bai yanke a gicciye ba, kuma ko a kai ma mai walda ya liƙe. Saurara.

Iskan da ke ciki yana tura ko'ina daidai, amma ƙarfen ba daidai yake shan wahala ba. Akwai jan da ke son buɗe tankin ta zagaye, akwai wanda ke son tumɓuke murafun nan biyu na kai da gindi, to na zagayen ninki biyu ne na ɗayan in dai tankin dogo ne mai siririn bango, shi ya sa ko tiyon ruwa in zai hwashe ta tsawo yake tsagewa.

Lissafin jan zagaye ba wuya, matsin iska sau rabin faɗin tanki, a raba da kaurin ƙarfe. Mu ce faɗinsa santimita 40, kauri milimita 3, ka cika shi bar 10, wato megafaskal 1 (duka biyun ma'aunin ƙarfin matsi ne). Jan zagaye zai kai wajen megafaskal 67, na tumɓuke murafu 33, ƙarfe irin na yau da kullum kuwa sai wajen 235 yake fara ba da kai. Ka ga da sauran rata. Amma hwa murfi ɗaya kaɗai yana ɗauke da turi kusan tan 13, ba wasa ba ne.

Matsalar tana ƙasa. Iska in an matse shi yana zubar da ruwa, ruwan ya kwanta a cikin tanki, ku kuma ba ku kwance ɗan kusan nan na tsiyayar da ruwa da ke ƙasan tanki ya tsiyaye, sai tsatsa ta yi ta ci daga ciki, waje fenti fes. In kauri ya koma milimita 1 jan ya zama 200 kenan, ga ramukan tsatsa inda tsagewa ke somawa.

Batun walda, wallahi ni ban yarda ba. Inda ya tsage nan ne ya riga sauran, gefensa ma ya ciwu, ka liƙe nan ya buɗe can, kuma yara na zaune kusa. Sayi wani. Ko na hannu ka samu, a gwada shi da ruwa tukuna, kar da iska, don ruwa ba ya matsuwa, in ya hwashe tsiyaya kawai zai yi. A kai matsin ruwan kamar ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a kuma duba bawul ɗin kariya, mai sakin iska in matsi ya yi yawa, yana buɗewa.