Fatawa: Musulmi maƙeri a shagon mai bautar Hefestus

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aikin ƙira da walda a wani shago a birnin Atina na ƙasar Girka. Maigidana ba Kirista ba ne kamar yawancin mutanen ƙasar, yana cikin waɗanda suka koma addinin kakanninsu na dā. A kusurwar shagon ya ajiye ɗan gunkin Hefestus, wanda suke ɗauka ubangijin wuta da ƙira, yana ƙona masa turare. Shin albashina halal ne? Wani lokaci akan kawo mana aikin kaskon turare ko gunkin tagulla. Ya kuma gayyace mu bikin maƙera na shekara, ya ce al'ada ce kawai, ba sai mun yi imani ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, albashinka a kan ƙira da walda halal ne, zamanka a shagon ma ya halatta. Abin da ya haramta gare ka shi ne ƙera gunkin, ƙera kayan da ka san na wurin bautarsa ne, da tsayawa a cikin hidimar bikin. Ga dalilai.

Sai an san abu ake yi masa hukunci. A tatsuniyoyin Girkawa, Hefestus gurgu ne, ɗan Hera, wanda aka jefo daga dutsen Olimfus ya faɗo tsibirin Limnos, shi ne kuma maƙerin sauran allolinsu. Alamominsa masaba da awartaki da uwar maƙera. Ɗakin bautarsa da ke tsohuwar kasuwar Atina an fara gina shi wajen shekara ta 449 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a unguwar da masu aikin ƙarfe da tagulla suke. Daga baya aka mayar da shi coci, ya zauna haka har 1834. Sarkin Rum Tiyodosiyus ya hana wannan bauta da dokokin da ya kafa a shekarun 391 da 392 Miladiyya. A zamaninmu ne wasu suka farfaɗo da ita: ƙungiyar mabiyanta mai suna YSEE an kafa ta a 1997, kuma a 2017 gwamnatin Girka ta amince da addinin a hukumance. Wanda ya nemi a yi masa rajista a matsayin addini, ai shi da kansa ya yanke maganar cewa al'ada ce zalla. Bikin da aka gayyace ka kuwa, bisa dukkan alamu shi ne Kalkiya, wanda Atinawan dā suke yi wa Hefestus da Atina, allahiyar sana'o'in hannu a wurinsu, a ranar ƙarshe ta wani watansu da ke faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba.

Yadda suka saba gudanar da hidimar shi ne: a tsoma itace ko ganye mai ci da wuta cikin ruwa, a wanke hannu da shi don tsarki, a watsa sha'ir a kan teburin bauta, a kunna wuta a zuba lubban, a ɗaga hannu a rera waƙar kiran abin bautar da sunayensa, sannan a tsiyaya giya ko man zaitun ko zuma, a ajiye masa rabonsa na abinci. Yawancinsu a yau ba sa yanka dabba. Wannan bai sauya komai ba. Kira da roƙo, tsarki domin wani, baiko don neman kusanci, duk ibada ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce addu'a ita ce ibada. Yin ta ga wanin Allah shirka ce babba.

Maganar cewa alama ce kawai tana bukatar a tsaya a kanta, don da ita aka fi ruɗin mutane. Gaskiya ne cikinsu akwai masu ganin Hefestus wani mai rai ne da ke ji yana amsawa, akwai kuma masu cewa suna ne na ƙarfin wuta da basirar hannu. Na farkon hukuncinsu a fili yake. Na biyun kuma Alƙur'ani ya riga ya amsa musu a Suratun Najmi, aya ta 23: ba komai ba ne face sunaye da ku da iyayenku kuka raɗa, Allah bai saukar da wata hujja a kansu ba. Mushirikan Makka ma ba su ce dutsen ne ya halicce su ba. Cewa suka yi yana kusantar da su ne zuwa ga Allah, kamar yadda ya zo a Zumar, aya ta 3. Shari'a tana duba surar aikin. Alƙali Iyal a cikin Ashafa ya kawo ittifaƙin Musulmi cewa akwai ayyukan da ba sa fitowa sai daga kafiri, ko da mai yin su yana furta Musulunci, ya kuma lissafa sujada ga gunki da rana da wata da wuta. Don haka Musulmi ba shi da damar cewa hannuna ne ya zuba turaren, zuciyata ba ta ciki. Rangwamen Suratun Nahli, aya ta 106, na wanda aka tilasta ne da barazana ga rai ko jiki. Jin nauyin maigida ko tsoron ya ɓata rai bai kai nan ba.

Ita kanta sana'ar ba ta da laifi ko kaɗan. Allah ya ce ya saukar da ƙarfe, a cikinsa akwai ƙarfi mai tsanani da amfani ga mutane (Hadid, 25). Ya tausasa shi ga Annabi Dawud, ya koya masa saƙa sulke. Wutar ma ya tambaye mu a Waƙi'a: ku ne kuka halicci bishiyarta, ko mu? Masaba da zugazugi ba su zama na Hefestus ba don wani ya jingina masa su. Hoton guduma da uwar maƙera a allon shago ba gunki ba ne.

Hujjar halaccin aikinka tana cikin labarin Khabbab ɗan Aratti (RA). Maƙeri ne a Makka, ya yi wa Asi ɗan Wa'il aiki, mushiriki ne kuwa. Da ya je karɓar haƙƙinsa, Asi ya ce ba zai biya ba sai ya kafirce wa Muhammadu, Khabbab ya ƙi. Buhari ya kawo shi a babin da ya yi kan Musulmi ya yi wa mushiriki ƙwadago. Aikin ya halatta, kuɗin haƙƙinsa ne, amma da aka haɗa biya da addini sai ya tsaya. Iyakarka ke nan kai ma.

Kayan da ake kawowa ba hukuncinsu ɗaya ba. Gunki haramun ne ka zuba shi, ka goge shi, ka gyara masa ƙafa da ta karye, ko ka sayar. Hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya ce Allah da Manzonsa sun haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka. Ko na 'yan yawon buɗe ido ne da za a ajiye a kan kanta, siffar mai rai ce mai jiki, kuma Ibn Abbas ya ce wa mai irin wannan sana'a ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Kaskon turare, kwanon tsiyaya giya da teburin bauta, asalinsu tagulla ce da ƙarfe, amma idan an gaya maka na wurin bauta ne, ko an ce ka zana sunan abin bautar a jiki, sun haramta saboda ayar da ta hana taimakekeniya a kan saɓo (Ma'ida, 2). Malaman Malikiyya sun yi bayani ƙarara cewa ba a sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi giya, ko katako ga mai sassaƙa gicciye, ko tagulla ga mai zuba ƙararrawar coci. Ƙyaure, wuƙa, awartaki da kasko na yau da kullum kuwa, ka ƙera ka sayar, ba a ɗora maka binciken abin da mai saye zai yi da su ba. Inda ake zamewa shi ne aikin haɗin gwiwa: wani ya yi ƙirar gunkin, a ce kai narka tagullar kawai ko ka riƙe masa. Idan ka san tukunyar nan ta gunki ce, narkawar ma ƙira ce. Ka faɗa wa maigidan tun kafin a karɓi aikin, ka nemi a ba ka wani a madadinsa. Idan ka taɓa yin irin wannan da sani, ka tuba, ka ƙiyasta ladan wannan aikin kaɗai ka ba mabukata; sauran albashinka yana nan halal.

Ranar bikin ka nemi hutu ko canjin lokacin aiki. Lokacin da wani ya yi bakancen soke raƙumi a Buwana, Annabi (SAW) bai ba shi izini ba sai da ya tambaya ko akwai gunkin jahiliyya a wurin, ko ana wani idinsu a can. Abu Dawud ya ruwaito. Idan hidimar ta riske ka a shago, ka fita har a gama. Kada ka hura musu wutar, kada ka miƙa lubban, kada ka wanke hannu da ruwan nan, kada ka amsa waƙar. Abincin da aka ɗora a teburin bauta ka bar shi. Yankan maigidanka ma ba ya halatta, domin rangwamen da aka yi a kan yankan Ma'abota Littafi bai shafe shi ba, ko da an haife shi a gidan Kirista. Burodi, zaitun da 'ya'yan itace da ba a miƙa wa gunkin ba, idan ya ba ka ka ci, amma ba a teburin da ake zagayawa da giya ba.

Za ka iya salla a shagon in wurin da tsarki. Wutar maƙera ba ta ɓata salla, sai dai ka kauce wa fuskantar kusurwar gunkin, ko ka sa shamaki tsakaninku. Shiga tsohon ɗakin bautar don ganin gini da ɗaukar izina ya halatta, muddin ba hidima ake yi a lokacin ba.

Kada kuma ka taɓa gunkinsa ko ka zage shi. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin da suke kira don kada su rama da zagin Allah, ga shi kana ƙasar da doka ta ba shi 'yancin addininsa. Ka cika masa aiki, ka riƙe amanar shagonsa, ka duba shi in ba shi da lafiya. Mumtahana, aya ta 8, ta buɗe wannan ƙofa. In ya tambaye ka dalilin ƙin halartarka, ka faɗa masa cikin natsuwa. Idan ya mayar da ƙera gumaka ko halartar biki sharaɗin zamanka, to neman wani shagon ya zama wajibi a kanka. Wallahu a'alam.