Katin da na samu a adakar kakanmu, zai nuna mana asalinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙaramin gari nake kusa da Ƙaura Namoda. A adakar marigayi kakanmu na tsinci kati mai hoton kasuwa da raƙuma. A bayansa akwai kan sarki mai hoton Bature mai gemu da kalmar Nigeria, da hatimin Kano wanda shekararsa ta goge. An aiko shi ne ga mahaifin kakanmu ta hannun shugaban tashar jirgin Ƙaura, kuma akwai layi uku na ajami. 'Yan gidanmu sun ce mahaifin kakan namu ne mai rawanin da ke cikin hoton. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: da wuya mai rawanin nan ya zama naku. Irin waɗannan katuna bugawa ake yi da yawa a ajiye a kanti, duk mai kwabo ya saya, kuma hoto ɗaya kan yi shekaru ana sake buga shi. Juya katin, dukiyarka tana baya.

Kan sarkin nan ya riga ya yi rabin aikin. Kafin haɗewar Arewa da Kudu a 1914, na Arewa Northern Nigeria ake rubuta musu. Tunda naka Nigeria kawai ya ce, kuma mutumin yana da gemu, Sarki George na Biyar ne, wanda ya rasu a 1936. George na Shida da aka riƙa sa hotonsa daga baya ba shi da gemu. Sannan layin dogo daga Zariya bai kai Ƙaura Namoda ba sai 1929, ba a aika wasiƙa ta hannun shugaban tashar da ba a gina ba. Ka ga ke nan katin ya faɗa tsakanin 1929 da wajen 1937, ko da hatimin ya goge.

Adireshin ma magana yake yi. Wanda ake aika wa saƙo ta tasha yana da hulɗa da ita: ko ma'aikacin jirgi ne, ko dillalin gyaɗa da auduga, ko sananne a wurin. Ajamin kuwa ka kai wa tsohon malamin zaure, ba yaron da ya saba da bugaggen littafi ba, domin rubutun hannun mutanen wancan zamani sai wanda ya saba. Ka kula da laƙabi. "Na Katsina" ko "Bagobiri" a ƙarshen suna ya fi maka hoton nan amfani sau goma.

Daga nan sai tsofaffi, musamman gwaggonni, su ne ke riƙe da wa ya auri wa. Kada ka ce musu 1932, ba haka suke lissafi ba. Tambaye su zamanin Sarkin Musulmi Tambari ne, ko na Hassan ɗan Mu'azu da ya hau a 1931. Ka ɗauki muryarsu a waya.

In kana son takarda, Ƙaura tana ƙarƙashin Lardin Sakkwato ne a lokacin, kuma fayilolin lardin suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ƙarƙashin sunan SOKPROF, wato rukunin takardun Lardin Sakkwato. Rahotannin haraji na gundumomi kan ambaci hakimai da dagatai da sana'o'in gari. Sunan talaka bai cika fitowa ba, amma labarin ƙauyenku zai iya fitowa.

Kafin ka fita da katin, ɗauki hotonsa gaba da baya da hasken rana. Kada ka manna masa salatif, kada ka bari a rufe shi da roba mai zafi, tawadar ajamin ba za ta jure ba. Sa shi cikin farar takarda ka mayar da shi adakarsa.