Bar 3 na ce, kada ka murɗa shi

Kai yaro, tambayarka ta jiya, wai maigidan nan yana kukan ruwan zafi ba ƙarfi a bene, ko ka murɗa bawul ɗin rage ƙarfi daga bar 3 zuwa 5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Kada hannunka ya kai wurin.

Tankin ruwan zafin nan rufaffe ne, ba shi da bututun shan iska. Ruwa in ya kai digiri 60 kumbura yake yi, kuma ba inda zai nufa sai farin tulun nan mai roba a ciki, wanda aka ɗura wa iska daidai bar 3. Ka shigo da 5, ka matse robar tun ruwa na sanyi. Hita na kamawa allurar geji, agogon auna ƙarfin ruwa, ta haye 6, bawul ɗin tsira, mai sakin ruwa in ƙarfi ya yi yawa, ya fara ɗiga.

Abin da ya ci mini mutunci a unguwar Ahodwo ta Kumasi ke nan. Wani ɗan kasuwa na yi wa aiki, bene hawa biyu, politanki (tankin roba na ajiye ruwa) da injin tura ruwa, komai tsaf. Ya ce shi ruwa irin na otal yake so. Na ce a'a. Ina juya baya ya kira wani yaro irinku, masu koyon sana'a a waya, ya murɗa masa. Da ɗiga ya dame su, sai yaron ya ɗaure bakin bawul ɗin tsira da toshi. Toshi fa! Ba a rufa wata uku ba tankin ruwan zafin ya tsage a wajen walda da tsakar dare, silin ya jiƙe ya rufto kan kujerun falo. Allah ya kiyaye na'urar da ke yanke wa hita lantarki in zafi ya yi yawa tana aiki, don ruwan da ya wuce digiri 100 a matse in ya sami kafa, tururi ne mai tashin bango.

Wa aka ɗora wa? Ni. Ya hana ni cikon kuɗina, ya bi unguwannin Aboabo da Asawase yana cewa Masta, wato ni, ya sa masa jabun kaya. Na kai masa toshin a tafin hannuna, da tef ɗinsa a jiki, ko kallo bai yi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ku yaran yanzu hannu ke riga kai. Ƙarfin ruwa daban, yawansa daban. Gobe ka ɗauki geji, ka buɗe matatar da ke gaban bawul ɗin rage ƙarfi, laka za ka tarar. Ka duba kan shawa, ka duba ko bututun rabin inci aka ja zuwa sama. In maigidan ya dage sai an ƙara, ka ce ya kira ni.